Neman Keken Nafisa, daga Tsafe har Bunguɗu

Tun ranar da na dawo daga Gusau ba a bar ni na huta ba. In na je Islamiyya a tare ni, in na je barka a ja ni gefe, har mai kawo mana nono sai da ta sauke ƙwarya ta tambaye ni yadda muka ƙare. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya yadda ya faru, har da inda ni kaina na yi ɓarna. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a ƙyale ni haka nan.

Ga wadda ba ta san Nafisa ba, ɗiyar ƙanena ce, ni na riƙe ta tun tana shekara huɗu da uwarta ta rasu. Ni na sa ta makaranta lokacin ina koyarwa a firamare, ni na kai ta koyon ɗinki, ni na aurar da ita ga Bashiru, direban mota a Gusau. A can ta sami aiki a wani kamfani mai ɗinka kayan 'yan makaranta da na masu gadi. Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara uku tana kan keken wuta, irin manyan nan masu ƙara kamar injin niƙa, kuma mata biyu kaɗai aka yarda su hau irinsa, sauran duk maɓalli da guga suke yi. In Nafisa ta zo gida ba ta da hira sai ta keken nan. Shi ne abin da ta samu da hannunta a duniya.

Da ta sami cikin fari ta kira ni a waya, tana ta kewaye-kewaye, wai ko ta gaya wa manajansu don a ba ta hutu. Na hau ta da faɗa. Na ce cikin fari ne fa, za ki buɗe baki ki gaya wa ƙaton namiji kina da ciki, a gidan wa kika ga ana haka? Na ce in lokaci ya yi ki ce ana nemanki gida, ya isa. Haka ta yi, don ba ta taɓa ƙetare maganata ba. Saura wata guda ta haihu muka ɗauko ta zuwa Tsafe kamar yadda ake yi, ta sauka lafiya, namiji. Na yi mata wanka da kunun kanwa har arba'in, muka mai da ita ɗakinta. Ranar Litinin ta goya yaro ta tafi wurin aiki, ta tarar da wani mutum a kan kekenta. Aka miƙa mata takarda, wai ta bar aiki ba izini, an sallame ta tun mako biyu da tafiyarta. Da ta kira ni ban ji komai ba sai kuka. Washegari na ɗauki jakata na nufi tasha.

Na roƙi ɗan kamasho ya bar mini gaba ni kaɗai saboda gwiwata, ya ce to Hajiya, sannan ya cuso mini wata mata 'yar Bilbis, mai jiki masha Allah, da kwandon daddawa a cinya. Kafin mu bar gari ta san sunana da na mijina marigayi da abin da zai kai ni Gusau. Da ta gama ji sai ta taɓe baki, ta ce ita ta rasa abin da ke kai maijego aikin kamfani, ga ta nan shekara ashirin tana daddawa, ta haifi tara, ba wanda ya taɓa korarta. Na ce ai ke ce manajar kanki, baiwar Allah. Ta ce to ita ma ta zama manajar kanta mana. Na juya fuska waje, warin daddawa da haushi suka haɗu mini wuri guda.

Hanyar kun san ta. Akwai wuraren da in an kawo hira takan mutu da kanta, kowa ya koma motsa baki yana kallon daji. Mun wuce waɗannan lafiya, sai dab da Kwatarkwashi taya ta fashe. Direba ya ce mu sauka, ga shi safayarsa ma ba iska. Muka tsaya bakin titi ƙarƙashin dutsen nan, ba mai son tsayuwar, har aka gungura tayar wurin mai faci aka dawo. 'Yar Bilbis ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta ɗibar mini, na karɓa, don yunwa ba ruwanta da fushi.

Shingen ƙarshe na shiga Gusau kuwa sai ka ce za a shiga wata ƙasa. A sauke kaya, a buɗe jaka. Wani jami'i ya zaro ƙullin da na yi wa Nafisa, ya tambayi ko mene ne. Na ce yajin jego ne, kar ka buɗe. Ya buɗe, har da kai hanci. Atishawar da ya jera sai da abokin aikinsa ya karɓi ƙullin ya ɗaure mini da kansa ya ce mu tafi. Ita ce dariya ɗaya da na yi a tafiyar nan.

Ban sauka gidan Bashiru ba, ina ni ina kwana gidan suruki. Na sauka wurin Hajiya Asabe, wadda muka yi koyarwa tare kafin ta koma Gusau. Gidan nata da ƙofar ƙarfe, a buɗe maka a rufe, maƙwabci bai san an yi baƙo ba. Da a Tsafe ne, kafin in cire mayafi kwanoni uku sun shigo. Ruwa ma sai an tsai da mai kura an saya. Da dare ya yi jikokinta suka dafa mini taliyar leda da ƙwai, suna ta murna sun karrama ni. Na ci don kar su ji kunya, na ce wa Asabe gobe in ba tuwon dawa da miyar sure, tasha zan koma.

Da safe Nafisa ta zo da yaro a baya, ta rame kamar ba ni na yi mata jego ba. Muka hau Keke Napep zuwa kamfanin. Wani dogon ɗaki ne, kekuna jere, ƙara ba ka jin maganar na kusa da kai. Ta nuna mini nata da ido, na uku daga taga. Ofishin Manaja yana can ƙarshe. Mutum ne mai ƙamshin turare, da tef ɗin awo rataye a wuya ko da yake an ce ya daɗe da barin ɗinki. Bai ce mu zauna ba, ni na jawo kujera da kaina. Nafisa kuwa ta toge a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, tana ta gyara goyo. Na ɗauka kunya ce.

Ya ce kamfani yana da doka, wanda ya tafi ba takarda ya sallami kansa. Na ce to wani tela naku ɗan Magami fa, da Nafisa ta ce duk damina yakan tafi noma wata biyu ba takarda ba komai, ya dawo ya tarar da kekensa an lulluɓe masa da zane? Ya ce ai wannan magidanci ne, yana da iyali.

Na ce, "Wannan da ke bayanta kuma kabewa ce ta goyo?"

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Ya ce da ta faɗa tana da ciki da an san abin yi, amma mata da manyan hijabai wa zai sani, shi bai sani ba. Ya duba agogo, ya ce yana da aiki.

Daga nan muka nemi ofishin ƙwadago, inda ake kai ƙarar irin wannan. Sai da muka hau bene biyu na banza da gwiwar nan tawa kafin a nuna mana ƙofar. Wata mata muka samu, 'yar Kudu ce amma Hausa a bakinta kamar a Sabon Gari aka yanke mata cibi. Ta ba mu wuri, ta karɓi yaron ta yi masa wasa, ta karanta takardar sallamar sau biyu. Ta ce doka ta ba mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, da mako shida bayan haihuwa, kuma ba a yarda a kore ta a cikin wannan hutu ba. In ta dawo ma akwai lokacin shayarwa da za a riƙa ba ta kullum. Ni da na yi shekara talatin ina aikin gwamnati, na san da hutun haihuwa, amma wallahi na ɗauka kamfanin mutum sai abin da ya ga dama.

Ta tambayi takardar likita, muka ce babu. Ta tambayi dalili, na gaya mata. Sai ta ce su a wurinsu ciki na kai wata huɗu kowa a ofis ya sani, ana tsokanar mace, har a haɗa mata kayan jariri tun bai zo ba. Na ce a'uzubillahi, kayan jaririn da ba a ga fuskarsa ba? Mu ko sunan ɗan fari ba ma faɗa, balle cikinsa. Ta yi murmushi, ta ce Mama al'adarku mai kyau ce, amma da ita aka kori 'yarki. Maganar ta soke ni.

Ta ce ƙofa ɗaya ta rage. Kamfani ya dogara ne a kan cewa bai san dalilin tafiyarta ba. In aka nuna ya sani, maganarsa ta raunana. Ta dubi Nafisa ta ce ko akwai wanda ya sani a can, ko da baki ne. Nafisa ta kafa wa ƙasa ido. Matar ta ɗan jira, sannan ta rubuta mana takardar neman sulhu, ta ce mu fara kai wa mai kamfanin da kansa, wani Alhaji da ke zaune a Bunguɗu, in ya ƙi mu dawo.

Bayan la'asar muna tsakar gidan Asabe, ina riƙe da yaro Nafisa tana wanke masa kaya, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggo, ya sani."

Na ce wa? Ta ce Manaja. Ta ce wata rana an kawo sabbin yadi ya kira ta sito wai ta zo ta duba. Tana shiga ya tura ƙofa, ya cire tef ɗin nan na wuyansa ya zagaya mata shi a ciki ta kan hijabi, ya ja, ya karanta lambar da ƙarfi. Ya ce lallai Bashiru ba ya wasa, wata shida ne ko bakwai? Kuma hannunsa bai tashi da wuri ba. Ta ture shi ta fita, ta koma kan keke ta ɗinka riguna har aka tashi, ba ta gaya wa kowa ba. Daga ranar bai ƙara yi mata magana ba sai da harara.

Na miƙa wa Asabe yaron. Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce ta yaya, ni da ko cikin ma na ce ba a faɗa. Sannan ta riƙe hannuna da hannunta mai kumfa, ta ce don Allah don Annabi kar Bashiru ya ji. Ta ce shi ya tsaya mata ta yi aikin nan lokacin da danginsa kaf suke cewa kar ya bari, in ya ji wannan komai ya ƙare. Na ce ba zai ji daga bakina ba. Har rantsuwa na yi mata.

Da safe sai ga Bashiru da motarsa, ya ajiye lodin ranar, wai ba zai bari Gwaggo ta hau motar haya zuwa Bunguɗu yana gari ba. Na yi na yi ya ƙi. Yaro ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba, a hanya ma ya tsaya ya saya mana rake ya fere da kansa. Yana ta cewa in sha Allahu Alhaji mutumin kirki ne, za a mai da ita. Nafisa tana baya tana shayarwa.

Gidan Alhaji babba ne, da zaure biyu. Ba zan yi masa ƙarya ba, an karɓe mu da mutunci. Aka shigar da mu cikin gida, aka kawo fura mai sanyi da hoce, irin wanda rabona da shi tun kakata na da rai. A nan cikin hira da matan gidan na gane Manaja ƙanen uwargidan Alhaji ne. Muka jira har azahar kafin Manaja ya iso daga Gusau, don Alhaji ya ce ba zai ji magana ɓangare ɗaya ba.

Aka zauna a zauren ciki, maza har da Bashiru a kan darduma, ni da Nafisa a tabarma gefe. Alhaji dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa tabarau ya karanta takardar ofishin ƙwadago, ya ce shi ba ya son zalunci kuma ba ya son hukuma a ƙofarsa. Ya juya ga Manaja ya ce tsakaninka da Allah, ka san yarinyar nan tana da juna biyu? Mutumin nan ya dafa ƙirji, ya ce wallahi tallahi bai sani ba, in ya sani kar Allah ya kai shi Gusau. Alhaji ya numfasa, ya ce to Hajiya, Musulmi ya rantse, ita kuma ba ta kawo takarda ba, sai dai a yi haƙuri, in an sami gurbi a wajen masu guga za a neme ta. Ya fara ninke takardar.

Guga. Yarinyar da ta yi shekara uku a keken wuta. Ga kuma wannan la'ananne zaune da tef ɗinsa a wuya yana gyara hula. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Alhaji, tambaye shi lamba nawa tef ɗin nan ya nuna ranar da ya auna cikinta a sito."

Na ji Nafisa ta ja numfashi a gefena, a lokacin na tuna da rantsuwata, amma magana ta riga ta fita. Alhaji ya cire tabarau ya ce yarinya, mi Gwaggonki ke faɗi? Na zaci za ta tashi ta gudu. Ba ta gudu ba. Ta faɗa duka, tun daga tura ƙofa har abin da ya ce game da mijinta, muryarta ba ta rawa, idonta a kan tabarma. Manaja ya fara rantse-rantse, sannan ya ruɗe ya ce ai wasa ne, irin wasan wurin aiki, ko minti ɗaya ba a yi ba. Da bakinsa ya kama kansa.

Alhaji ya yi salati ya fi a ƙirga. Ya zage shi tas a gabanmu, ya ce ya zubar masa da mutunci. Nan take ya sa aka rubuta takarda cewa Nafisa ta koma ranar Litinin, kan kekenta, da lokacin shayarwa, ya sa hannu ya miƙo mini. Na ce to shi Manaja fa? Ya ce za a ja masa kunne. Na ce kunne kawai? Ya ce Hajiya, yana da 'ya'ya bakwai, kuma kin san yadda zumunci yake. Wato dai ranar Litinin shi zai buɗe mata ƙofa. Bashiru kuwa, na ga dai ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Daga Bunguɗu zuwa Gusau ba nisa, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba. Bashiru yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Yaro ya yi ɗan kuka ya koma barci. Ni kuwa ina riƙe da takarda ina gaya wa kaina ai mun yi nasara, ai gaskiya ta fito.

A ƙofar gidansa ya kashe mota, bai fita ba. Yana kallon sitiyari ya ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, kin sha wahala. Amma ba za ta koma ba."

Na ce ga takarda, ga doka a bayanta, ita aka zalunta, kai kuma za ka ƙara mata? Ya ce ya sani ba laifinta ba ne, ko kaɗan bai zarge ta ba. Amma mutumin yana nan, kuma abin da aka faɗa a zaure gaban mutane kafin jibi ya iso tasha. Ya ce da bai ji ba da ya kai ta da kansa ranar Litinin, yanzu da ya ji, in ya kai ta ƙofar nan bai san abin da zai aikata ba. Na ce to wani kamfanin fa? Ya ce a bar maganar tukuna. Na san irin wannan tukuna.

Nafisa ta buɗe ƙofa ta fita, ta gyara goyonta. Na miƙa mata takardar ta taga. Ta dube ta, ta dube ni, karo na farko tun daga zauren.

Ta ce, "Ki riƙe, Gwaggo. Ke kika nemo ta."

Washegari na hau motar Tsafe. Ban san wa ya zauna kusa da ni ba, ban san shinge nawa muka wuce ba. Haushin Manaja nake ji, da na Alhaji da zumuncinsa, da na Bashiru, amma wanda ya fi ci na shi ne nawa. Inda ya kamata ta yi magana ni na rufe mata baki, inda ta roƙe ni in yi shiru ni na buɗe nawa.

Litinin uku ke nan sun wuce. Asabe ta ce Manaja yana nan kan kujerarsa, wanda aka ba wurinta yana kan keke na uku daga taga. Nafisa tana gida. In na kira ta tana ɗauka, ba ta taɓa ƙin ɗauka ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gwiwata, ta ce yaro lafiya lau. Sai ta yi shiru tana jira in gama, ta ce to Gwaggo, sai an jima.